Yadda ake gane ko shago riba yake kawowa ko jari yake ci

Shago yakan mutu alhali ciniki bai tsaya ba. Mutane na shiga suna fita, kuɗi na shiga aljihun tebur, amma duk zuwa sari kayan da ake ɗorowa raguwa suke yi, har kanta ta fara nuna katako. Mai shago sai ya ce kasuwa ce ta lalace, ko yaron shago na da dogon hannu, ko baki ne ya kama shi. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki. Amma mafi yawa lissafi ne ba a yi ba, aka riƙa ɗaukar ciniki a matsayin riba.

Abin da za ka tanada bai taka kara ya karya ba: littafi mai kauri, biro, na'urar lissafin da ke wayarka, da yini guda da za ka rufe shago ko ka makara wajen buɗewa. Zan yi misali da shagon kayan masarufi na cikin unguwa. Alƙaluman shagon duk na misali ne, ka cire su ka sa naka. Ke ma mai sayar da atamfa ko kayan yaji a cikin gida, hanyar ɗaya ce.

Da farko, raba aljihunka da na shago

Muddin kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara da gudummawar biki daga aljihun tebur ake zarar su kai tsaye, babu lissafin da zai yi daidai. Ka yanka wa kanka albashi na wata kamar yadda ka yanka wa yaronka, ka tsaya a kai. In za a kai sukari ko sabulu gida daga kanta, a rubuta, a cire daga albashin. Ka buɗe wa shagon asusunsa daban, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, kada kuɗin ciniki su gauraya da waɗanda ɗan'uwa ya turo maka ajiya.

Wasu na ganin abin kunya ne mutum ya rubuta wa kansa bashin gwangwanin madara a shagonsa. Ni ban ga kunyar ba. Gwangwani ɗaya kullum, a wata ya zama 30.

Ka san jarinka na yau

Ranar da ka rufe ɗin, sauke komai ka ƙirga. Kowane kaya ka rubuta yawansa da farashin da za ka saro shi a yau, ba farashin da kake sayarwa ba. Wanda ya lalace, wanda ɓera ya huda, wanda wa'adinsa ya wuce, ka ware su gefe, ba sa cikin lissafi.

Mu ce kayan sun kama naira 1,450,000. Tsabar kuɗi a hannu 85,000, a asusu 210,000. Kana bin mutane bashin 160,000, amma ka san a ranka 40,000 daga ciki sun bi ruwa, wanda ya ci ya bar unguwar ko ya daina bi ta layin. Saura 120,000 ke nan. Ka tara duka: 1,865,000. Sai ka cire abin da ake binka, mu ce maigidanka na kasuwar Singa ya ba ka kayan 300,000 sai ka sayar ka kawo. Abin da ya rage, 1,565,000, shi ne jarinka. Ka rubuta shi da kwanan wata a shafin farko, domin da shi za ka riƙa gwada duk ƙidayar da za ta biyo baya.

Yawancin masu yin wannan ƙidaya karo na farko sukan tarar da adadin bai kai wanda suke faɗa wa mutane ba. Kada hakan ya karya maka gwiwa.

Nawa kayan suka tsaya maka?

Nan ne mafi yawan kuɗi ke zurarewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Farashin da ka biya ɗan sari ba shi ne abin da kaya ya tsaya maka ba. Ɗauki buhun shinkafa. Ka saya naira 60,000. Ɗan dako ya karɓi 500, mota ko A Daidaita Sahu 1,500, ledar ƙulli 600, mai POS ya cire 400 da ka ciri kuɗin. Buhun ya iso shago a kan 63,000. In da dillali a tsakani, la'adarsa ma ta hau kai.

Yanzu kwano nawa ke cikin buhun? Kada ka yi aiki da abin da ake faɗa a kasuwa. Ka shimfiɗa tabarma, ka zazzage buhu ɗaya, ka auna da kwanonka, da irin tozon da kake yi wa masu saye. Mu ce a baki kwano 20 ne, amma bayan tozo, da gyaran da kake ƙara wa tsohuwar da ta ce “ɗana, ƙara mini”, da wadda ta zube a ƙasa, kwano 19 kake sayarwa.

Mai lissafin baki zai ce kwano ya tsaya masa 3,000, yana sayarwa 3,500, ribarsa 10,000 a buhu. Mai lissafin littafi zai raba 63,000 gida 19, ya ga kwano ya tsaya masa kusan 3,316. Cinikin buhun gaba ɗaya 66,500 ne, ribar 3,500. Wanda ya ɗauka 10,000 ya samu, ya kuma kashe su, ya ci 6,500 daga uwar kuɗi a buhu ɗaya tak, kuma yana ganin cikin ribarsa ya ci.

Ba sai ka yi wa kowace allura wannan aiki ba. Zaɓi kaya goma ko goma sha biyar da suka fi tafiya, musamman waɗanda ake aunawa ko ƙullawa: sukari, man gyaɗa, manja, fulawa, garin kwaki. Jarkar mai ma ka auna ta da kwalbar da kake sayarwa da ita, ka lura da wanda yake maƙalewa a gindi.

Akwai wani ruɗani kuma game da kashi cikin ɗari. Ka sayi abu 800 ka sayar 1,000, ribar 200 ce. In ka auna ta da kuɗin saye, kashi 25 ce cikin ɗari. In ka auna ta da kuɗin ciniki, kashi 20 ce. Duka biyun daidai ne, amma haɗa su na jawo asara. Wanda ya ce ai kashi 25 na ɗora, bari in yi rangwamen kashi 25 in fita ba riba ba faɗuwa, zai sayar a 750, ya faɗi da 50. A lissafin da ke tafe, wadda aka auna da ciniki za mu yi aiki da ita.

Cinikin nawa ne zai riƙe shagon a rana?

Akwai kuɗaɗen da ba ruwansu da an yi ciniki ko ba a yi ba. Ka jera su, ka mayar da kowanne na wata. Hayar shago 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata. Wannan ita ce aka fi mantawa da ita, tunda sau ɗaya ake biya, sai lokacin ya zo a kwashi kuɗin sari a ba mai gida. Yaron shago 30,000. Wuta da man janareta 25,000. Gadi, shara da harajin ƙaramar hukuma 5,000. Albashinka 90,000. Jimilla 180,000.

Sai ka nemo ribar da kake samu a kowace naira 100 ta ciniki. Hanyar ita ce ka yi mako guda kana rubuta duk abin da aka sayar, da abin da ya tsaya maka. Mu ce cinikin makon 420,000 ne, kayan da suka fita sun tsaya maka 369,600. Bambancin 50,400, wato naira 12 a kowace 100.

Raba 180,000 da 12, ka ninka da 100. Ya ba ka 1,500,000. Cinikin da dole ka yi ke nan a wata kafin a ce shagon ya ɗauki nauyin kansa. In kana buɗewa kullum, 50,000 ne a rana. Ka rubuta wannan adadi a jikin bango inda idonka zai riƙa kaiwa. Duk ranar da aka tashi ƙasa da shi, jari ne ya cike gurbin. Shagon misalinmu na yin 60,000 a rana, 1,800,000 a wata, ribar kaya 216,000. Cire 180,000, ya rage 36,000. Ita ce ribar shagon ta gaskiya, a cinikin da ya doshi miliyan biyu.

Da wannan adadi a hannu, tambayoyi da yawa sun samu amsa. Maƙwabcinka ya karya farashi, kana tunanin rage naira 5 a kowace 100 don kada a ƙwace maka masu saye. Kayan da ya tsaya maka 88 za ka sayar 95, riba ta sauko daga 12 zuwa 7. Kafin ka samu abin da kake samu a da, sai kayan da kake fitarwa sun ƙaru da sama da kashi 70 cikin ɗari. Unguwar na da waɗannan mutanen? In babu, ka rage a kaya biyu ko uku da kowa ya haddace farashinsu, kamar sukari da taliya, ka bar sauran yadda suke. Haka in za ka ɗauki yaro na biyu a kan 30,000, sai ciniki ya ƙaru da 250,000 a wata kafin ya biya kansa.

Ka auna jari da kaya, ba da naira ba

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, 'yan kasuwa suka ga abin da ba su saba gani ba: ka sayar da kaya da riba, ka koma sari kuɗin su kasa sayo adadin da ka sayar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'ana, a jimlace, mai jarin miliyan ɗaya a ƙarshen 2023 sai ya kai kusan 1,348,000 bayan shekara kafin a ce yana nan inda yake. Wanda nasa ya zama 1,200,000 yana murnar ƙaruwa, alhali baya ya ci.

Ga yadda abin yake a kanta. Ka saro katan 100 a kan 10,000 kowanne, ka sayar 11,500, kuɗi sun zama 1,150,000. Ka koma kasuwa ka tarar katan ya koma 12,000. Katan 95 za ka iya ɗauka. A takarda ka ci ribar 150,000, a kanta ka yi asarar katan 5, tun ba ka cire ko kwabo na haya ba.

Maganin shi ne ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka saro kayan a yau. Kafin ka buɗe da safe, ka kira wanda kake sari a wajensa, ko ka duba zauren WhatsApp na 'yan kasuwarku, ka ji yadda aka kwana. Masu saye za su ce ai tsohon kaya ne, me ya sa ka ƙara? Amsar ita ce da kuɗin tsohon za a sayo sabon. Wannan daban yake da ɓoye kaya don a jawo tsada, wanda addini ya yi hani da shi.

Sai dai wuƙar na yanka ta ɗaya gefen ma. A 2025 farashin masara, gero da shinkafa ya sauko ƙwarai a kasuwannin Arewa, waɗanda suka cika rumbuna a Dawanau da sauran wurare da tsammanin tashi suka ji a jikinsu. In kaya ya karye, riƙe shi a tsohon farashi ba ya dawo da kuɗin. Ka bi kasuwa, ka sayar, ka saro mai araha. Wanda ke fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina yana da ƙarin aiki ɗaya: sefa ɗaure take da Yuro, naira kuwa yawo take yi, don haka ya zaɓi kuɗi ɗaya da zai riƙa auna jarinsa da shi, ya rubuta canjin ranar saye da na ranar sayarwa.

Kayan da ke gudu da kayan da ke kwana

Riba mai kauri ba ita ce riba mai yawa ba. Naira 100,000 a kayan da ke ba da kashi 5 a kan kuɗin saye amma yana ƙarewa duk mako, za ta kawo 20,000 a wata. Naira 100,000 a kayan da ke ba da kashi 30 a kan kuɗin saye amma sai ya yi wata uku, 10,000 ce a wata. Ka riƙa rubuta ranar shigowa a jikin katan da alƙalami mai kauri. Duk abin da ya wuce wata uku bai motsa ba ya yi kwantai, ka karyar da shi ko da a kuɗinsa ne, ka zuba kuɗin a abin da ake tambaya.

Bashin da kake bayarwa

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon unguwa ba zai yiwu ba tare da shi ba. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata da mai shayin da ke ɗaukar madara da safe ya kawo da dare, su ne ƙashin bayan cinikinka. Abin da ake so shi ne tsari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tare da wa'adinsa, saboda haka babu wanda zai ce ka ci masa fuska don ka ɗauko littafi.

Kowane mai karɓa a ba shi shafinsa: kwanan wata, abin da ya ɗauka, ranar biya. Ka karanta masa jimillar a gabansa duk lokacin da ya ƙara. Ka sa masa iyaka, kuma wanda bai biya na baya ba kada a ɗora masa sabo. A ganina, bashin da ke waje gaba ɗaya kada ya haura kashi 10 na jarinka. In tausayi ya kama ka a kan wani wanda ka san ba zai iya biya ba, ka ba shi sadaka daga albashinka, ka huta da bibiya.

Domin ka ga nauyin abin: a riba ta naira 12 cikin 100, bashin 12,000 da ya mutu sai ka yi cinikin 100,000 kafin ka mayar da gurbinsa, kusan wahalar kwana biyu. Haka ma alat na bogi. Kada kaya su fita don an nuna maka rasit a fuskar waya, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna.

Kafin ka karɓi kuɗin wani

Shagon misalinmu na kawo 36,000 a kan jarin 1,565,000, ɗan sama da kashi 2 cikin ɗari a wata. In aka yi maka tayin rancen 500,000 da ruwan kashi 5 a wata, 25,000 ke nan duk wata, ban da uwar kuɗin. Tambayar ita ce ko sabon kayan zai kawo sabon ciniki. Ƙara kaya a kanta ba ya ƙara yawan mutanen unguwa. Manhajojin rance na waya kuwa, masu wa'adin mako ɗaya ko biyu, ka lissafa ruwansu a shekara ka gani da idonka, ga kuma tozarcin tura saƙo ga lambobin da ke wayar mutum in ya makara.

Ga wanda ke gudun riba ta ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ita: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi kayan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince, ka biya a hankali. Halaccinsa bai ɗauke maka lissafi ba. Ƙarin nan ya hau kan abin da kaya ya tsaya maka, kamar dako da kuɗin mota.

In kuwa ɗan'uwa ne zai ba ka jari ka juya, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. A ƙa'idar ƙiradi, riba ake rabawa bisa kason da aka amince, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, ba wani adadi tsayayye duk wata ba. In an faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ku kuma fayyace tun farko ko za a cire haya da albashin yaro kafin rabo, domin a nan zumunci ya fi ɓaci. Adashi yana da amfani wajen tara kuɗin haya, amma a lokacin da kaya ke tashi, mai kwasar ƙarshe kuɗinsa sun rage ƙarfi, sai ka nemi kwasarka ta faɗo daf da lokacin da kake buƙata.

Ƙarshen wata, in lissafi ya ƙi haɗuwa

Ka sake ƙidaya kamar ta farko. Bisa littafi, jarin ya kamata ya tashi daga 1,565,000 zuwa 1,601,000. Mu ce ka tarar da 1,540,000. Akwai 61,000 da ba a san inda suka shiga ba. Kada ka fara da yaron shago. Fara da kanka: akwai abin da ka zara ba ka rubuta ba? Sai shafukan bashi, ko an bayar an manta. Sai farashi: wataƙila sari ya tashi ba a gyara na kanta ba, ko yaro na sayarwa a tsohon kuɗi. Sai awo da lalacewa.

In duk waɗannan sun fita, sannan ka zaɓi kaya biyar masu tsada da sauƙin ɗauka, kamar madarar gwangwani da turare, ka ƙirga su da safe, ka ƙirga da dare, ka gwada da abin da aka rubuta an sayar. Mako ɗaya ya isa ya nuna maka ko akwai hannu a ciki. In akwai, ka yi magana da yaron kai da shi, da littafin a buɗe, kafin maganar ta kai ga iyayensa.

Wannan ƙidayar ita ce kuma za ta yi maka aiki ranar fitar da zakka. In shekara ta zagayo, jimillar kaya a farashin ranar, da kuɗi, da bashin da kake sa ran karɓa ta kai nisabi, wato kimar zinare giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Kanta, firji da janareta ba sa ciki. Kimar nisabin a naira na canzawa da farashin zinare, sai ka duba sanarwar hukumar zakka ta jiharku a watan da shekararka ta cika.